Ranar da Yaya Ta Tsallaka Ɗiyar Maƙwabcinmu

Ni dai tun farko na ce mata wannan sana'a ba ta Dakoro ba ce. Na faɗa mata a ɗakin Inna, na faɗa mata a gindin keken ɗinkina, na sake faɗa mata ranar da mai fenti ya zo rubuta allon shagonta. Mutanen da in an yi musu aski sai sun tsince gashin sun cusa a ramin bango, in sun yanke akaifa sai sun tona ƙasa sun binne, su ne za ki miƙa wa kwalba ki ce su tofa yawu, ki rufe ki tafi da shi? Yaya ta yi dariya, ta ce bakina ya fi keken nawa gudu. Ta juya ta ci gaba da nuna wa mai fenti inda zai ƙara shuɗi.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita nake bi. Ni na ajiye lakwal, makarantar boko, da wuri na kama ɗinki, ita kuwa kai gare ta kamar me. Daga nan sai Maradi, daga Maradi sai jami'a a Yamai, can aka ɗauke ta aiki a labo, inda ake awon jini. Har Dakar ta je ƙaro sani. Muna da ƙane da ya rasu yana ƙarami, ciwon amosanin jini ya ɗauke shi, kuma na san tun daga kansa Yaya ta ɗora wa ranta wannan abu, ko da yake ba ta taɓa zama ta ce mini haka ba. Bayan rasuwar Baba ta ajiye aikin albashi, aikin da mutane ke nema ido rufe, ta dawo gida ta kama shago kusa da tasha. Dangi suka ce boko ya taɓa ta. Ni ma na ce.

Ga yadda sana'ar take. Ba ruwanka da takardar likita, kai da ƙafarka za ka zo. Ta ba ka 'yar kwalba mai shuɗin murfi, ka tofa yawu har ya kai wani zane, ta rufe, ta liƙa lamba, ta jera cikin galasiya, wannan akwatin sanyi na masu sayar da lemo. Kwalaben su bi kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja, daga Yamai jirgi ya kai su wani babban labo a Turai da suka ƙulla aiki tare. Bayan 'yan makonni amsa ta shigo mata a salula. Wai duk abin da mutum ya gada wajen uwa da uba yana cikin yawunsa, 'yan lakwal suna ce masa ADN. Da shi take gaya wa saurayi da budurwa ko 'ya'yansu na iya zuwa da amosanin jini in sun yi aure. Da shi kuma take gaya wa masu son jin asali daga wane gefen duniya kakanninsu suka ɓullo, ko da yake wannan ba ta cika son sa ba, ta ce yana haɗa gidaje faɗa.

Masu zuwa ba su da yawa, amma suna zuwa. Malaman lakwal da muke ce wa mushe, jandarmomi, da samari masu shirin aure waɗanda ba sa shigowa sai da tsakar rana in titi ya yi tsit. Ranakun kasuwa ta ɗaure galasiya a bayan moto, wato babur, ta tafi Adjekoria ko Korahane, ta yini tana bayani ƙarƙashin rumfa, ta dawo da kwalba ɗaya ko babu ko ɗaya. Wani Bafillace ya taɓa tambayar ta ko za ta auna masa bijimi, ta ce ya yi haƙuri, wata rana. Kuma ba wasa take ba. Burinta ta sayi na'urar kanta ta girke a Dakoro, yawun mutanenmu ya daina hawa jirgi.

Akwai gidan da muka haɗa katanga da shi, gidan wani dillalin dabbobi. Matarsa ƙawata ce ta kusa, ni nake mata ɗinki, tare muke zuwa biki, in tuwonta ya riga nawa nuna ta miƙo wa yarana ta kan katanga. Ta binne 'ya'ya biyu, duk da kumburin hannu da kukan ƙashi, saura ɗiya mace guda, 'yar siririya mai manyan idanu da ta fara zuwa lakwal. Wata rana da mijin ya tafi kasuwar Bader Goula, ta saɓo yarinyar ta kai ta shagon Yaya a ɓoye. Yarinya ta tofa yawu tana dariya, Yaya ta ba ta alewa.

Da amsa ta zo, ina zaune aka yi bayanin. Yaya ta ce yarinyar tana da ciwon, kuma ba daga gefe guda ya zo ba, rabi daga uwa ne rabi daga uba. Ƙawata ta ɗora hannu a ka.

"Wa za shi hwaɗa wa uwar mijina ɗanta na da ciwo cikin jini? Ni? Ai ran nan zan kwana gidanmu."

Yaya ta ce to ko ba ta faɗa ba, ta kiyaye yarinyar da sanyi, ta riƙa ba ta ruwa da yawa, kuma duk ranar da ta ga cikin idonta ya yi fari, kada ta tsaya shawara da kowa, ta ruga asibiti. Ƙawata ta ce to. Ta koma gida ta ja bakinta ta yi shiru.

Damina ta tsaya sosai, gero ya fara ɗaukar ciki, sai ruwa ya daki yarinyar a hanyar dawowa daga gona. Daga ranar kukanta ya hana unguwa sakat. Ta kan katanga nake jin sa, kuka ne na ƙashi, wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Inna takan tsaya da tsintsiya a hannu ta kasa ci gaba da shara. Na leƙa na ce wa ƙawata ta tuna abin da aka gaya mata. Ta nuna mini ɗakin surukarta da ido, ta ce tsohuwa ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne.

Tsohuwar ta sa aka ɗauko mai maganin mayu daga wani ƙauye. Ya rufe yarinya da zane ya yi mata turare, hayaƙi ya shaƙe ta, ana tambayar ta wa take gani, wa take gani. Yarinya cikin zafin jiki ta ce, "Madam mai kwalba." Shi ke nan fa. Aka tsare uwar da tambaya har ta fashe da kuka ta faɗi cewa ta kai ta an ɗauki yawunta. Maganar rabi daga uba kuwa ba ta fito ba.

Bayan azahar ina kan keke na ga mutane sun nufi wajen tasha a dunƙule, dillalin a gaba. Na bar rigar mutane a bakin allura na bi su, takalmina ɗaya ma a hannu. Na iske sun cika ƙofar shagon, Yaya tana tsaye a bayan tebur da farar rigarta ta aiki.

Dillalin bai ɗaga murya ba, shi ya fi ba ni tsoro. Ya ce, "Madam, ba hwaɗa ya kawo ni ba. Yawun ɗiyata da kinka ɗauka nika so. Ba ni kwalbar in tahi."

Ina ƙoƙarin kutsawa in isa gare ta in mintsine ta, don na san halinta, amma kafin in kai ta riga ta buɗe baki.

"Alhaji, ai ba shi nan. Shina Turai."

Wayyo Allah! Ka ji yadda wurin ya ɗauki salati. Wani ya ce, "Turai? Ta sayar wa Nasara!" Wata mai tuyar ƙosai ta dafe ƙirji ta ce ita ma ɗan ƙanenta ya tofa. Yaya ta shiga bayanin labo da jirgi da lamba, tana zaro salula za ta nuna musu amsa, ba wanda ke saurare. Na fizge ta muka rufe shago, na ja ta ta lungu. Duk hanya ina surfa mata masifa. Na ce da ta yi shiru na minti guda, da na shiga bayan labule na tofa nawa yawun a wata kwalba mun miƙa musu, su je su binne, kowa ya huta. Ta ce ita ba ta ƙarya a kan aikinta. Na ce to ga gaskiyarki nan, sai ki dafa mu ci.

Ba gida ta bi ni ba. Ta zame hannunta ta faɗa gidan dillalin kai tsaye, ni kuma dole na bi ta. Yarinyar tana kwance a tabarma a bakin ɗaki, ta daina kukan ma, numfashi kawai take sama-sama. Kafin a ankara Yaya ta durƙusa ta ja fatar idonta ƙasa. Ni ma na gani. Fari fat, kamar ƙyallen da nake sa wa cikin riga. Ta taɓa cikin, ya kumbura ta gefen hagu. Tsohuwa ta yi kururuwa ta ce a raba ta da jikarta, ta zo ƙarasa ta ne.

Yaya ta miƙe ta dubi uban. "Alhaji, jininta ya ƙare. In ba a ƙara mata jini yau ba, ba ta kai gobe. Ka ɗauke ta yanzu."

Tsohuwa ta ja tabarmarta ta zauna a ƙofar zaure, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya. Ta ce, "Ba inda za a kai ta ba kurwa a jikinta. Biyu anka kai asibiti, ina suke? Wadda ta kama ta ta tsallaka ta, ta sake ta, sannan ku kai ta duk inda kuka ga dama."

Limamin unguwa ya shigo, Allah ya saka masa da alheri, ya ce zato zunubi ne, a ji tsoron Allah a kai yarinya wajen likita. Tsohuwa ta ce, "Malam, karatunka daban, wanga abu daban." Dillalin ya dubi liman, ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa. Mutum ne da ke tsayar da Buzu da Bafillace a kan farashin raƙumi su rabu suna dariya, amma tsallake ƙafar uwarsa da yarinya a hannu ya fi ƙarfinsa. Ya ce wa Yaya a hankali, "Madam, ki yi abin da ta ce. Wallahi kina tsallakawa ina ɗaukar ta."

Na ja Yaya muka koma gidanmu, ɗakin Inna. Na maida ƙyaure na jingina da shi.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da tsallaka take nufi. Ba a sa mutum ya tsallaka mara lafiya sai in an ce shi ya kama shi, kuma wanda ya ɗaga ƙafa ya tsallaka ya amsa da kansa cewa shi maye ne. Maita kuwa an ce a nono ake shan ta. In Yaya mayya ce, to Inna ce ta shayar da ita, ni ma nonon na sha, ni kuma na shayar da 'ya'yana mata biyu. Ba tabo ba ne da ke fita da sabulu. Na san wani gida a bayan kasuwa da aka laƙa wa kakarsu wannan suna tun kafin a haife ni, har yau ba mai cin abincin sunansu, 'yan matansu sai baƙo daga nesa ke aure.

Na ce, "Ba ki tsallakawa. Na rantse ba ki tsallakawa. Mu kira jandarma su zo su ɗauke ta da ƙarfi."

Yaya ta ce kafin a je a yi bayani a rubuta a zo, an fitar da yarinyar ta ƙofar baya an kai ta ƙauye, kuma can za ta mutu.

Na ce, "To ta mutu mu munka kashe ta? Kin hwaɗa masu gaskiya, liman ya hwaɗa masu. Me ya rage? Ke gobe kina iya ɗaukar jakarki ki koma Yamai, wa ya san ki can? Mu fa? Inna da tsufanta za ta riƙa wucewa ana janye yara? Ɗiyana fa, Yaya? Ɗiyana!"

Ta ce, "Ɗiyanki suna numfashi."

Wallahi na ji kamar in kwaɗa mata mari. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsane ta a wannan lokaci ba, ita da farar rigarta da kwalabenta da ta zo ta jajibo mana. Kuka ya ƙwace mini, ina yi ina zagin ta, ina cewa ai na faɗa, ai na faɗa tun ranar mai fenti.

Duk wannan abu Inna tana zaune a bakin gado tana jin mu. Ta kan katanga muna jiyo muryar mata suna taruwa. Can sai Inna ta jawo mayafinta ta yafa, ta laluba takalmi da ƙafa.

Ta ce mini, "Matsa daga ƙofa."

Na ce, "Inna, kin san me za a ce maki?"

Ta ce, "Na sani. Nonon nawa ne, ba naki ba. Na taɓa riƙe irin wanga yaro a cinyata har ya yi sanyi, ban iya zama in ji na wata ta bayan katanga. Matsa, na ce."

Na matsa. Me zan yi? Inna a gaba, Yaya a bayanta, ni a ƙarshe ina jan ƙafa ina sharar hanci da bakin zane.

Gidan dillalin ya cika maƙil. Mata a tsakar gida, wasu a kan katanga, maza a zaure suna leƙe. Ƙasa duk laima ce daga ruwan safe. An jawo tabarmar yarinyar tsakiya. Yaya ta tsaya ta ce ba ta ɗaga ƙafa sai ta ji ƙarar moto a ƙofar gida. Tsohuwa ta ce ji mayya da sharaɗi. Yaya ta ce awo, da sharaɗi. Ƙanen dillalin ya fita a guje ya dawo da 'yan kabu-kabu biyu, masu haya da moto, suka tsaya a ƙofa ba su kashe inji ba.

Aka ce ta cire takalmi, ta cire. Aka ce farar rigar ma, ta tuɓe ta miƙo mini, na karɓa ban dube ta ba. Aka ce kallabi. Nan ta ɗan tsaya, sannan ta zare shi, kanta ya fito da tsohon kitso da ya fara warwarewa, ga furfura a gefe da ban san tana da ita ba. Yayata da ta yi karatu har Dakar, tsaye a tsakar gidan mutane ƙafa ba takalmi kai ba ɗankwali, yara suna leƙen ta ta tsakanin ƙafafun iyayensu. Kunya ta kama ni har na ji kunnuwana suna zafi.

Ta tattare zane ta tsallaka yarinyar. Ta juyo ta tsallako. Ta sake tsallakawa. Ta dubi uban ta ce, "To, ɗauke ta."

Tsohuwa ta ɗaga hannu. "Da saura. Ta hwaɗa da bakinta. Ta kira ta ta ce ta sake ta."

Wannan ba ya cikin abin da aka yi da mu. Na yunƙura zan yi magana, Inna ta damƙe mini hannu har akaifarta ta shige ni. Tsallaka ko ba komai wata rana mutum ya ce tilasta shi aka yi, amma magana in ta fita a gaban wannan taro ta fita ke nan. Yaya ta tsaya. Matar da ta ƙi yarda in tofa yawu a kwalba don kada ta yi ƙarya, yau ita ake jira ta yi wadda ta fi kowace girma, a kan kanta da uwarta. Injin moto yana ta kuka a waje. Yarinyar ta ja wani numfashi mai ƙara, ta yi shiru, ta sake ja.

Yaya ta sunkuya ta kira sunan yarinyar. Ta ce, "Na sake ki. Tashi, na sake ki."

Gida ya ɗauki salati gaba ɗaya. Na ji wata a bayana ta ce, "Ashe dai gaskiya ne." Muryar na gane ta, matar da na ɗinka wa kayan sunan ɗanta ce. Dillalin ya sunkuci ɗiyarsa, tsohuwa ta janye ƙafafu, ya fita da gudu. Yaya ta fizge rigarta a hannuna ta haye moto na biyu ba takalmi, ta bi su. Ni da Inna muka fito, mutane suna darewa suna ba mu hanya, irin darewar da ba a taɓa yi mana ba.

A asibiti aka ce jini, maza. Yaya ta nannaɗe hannun riga ta ce a ɗebi nata, dillalin ya ce a'a, ban da nata. Ƙanensa aka auna aka ɗiba. Wannan daga baya ta ba ni labari, tana faɗa tana ɗan murmushi, ni kuwa ban ga abin murmushi ba.

Kwanakin da yarinyar ta yi a kwance ban san me zan roƙa ba. In ta mutu a ce Yaya ta cinye ta. In ta tashi a ce ga shi nan, tana sakin ta ta tashi. Ko ta ina mun shiga uku. Na dai roƙa mata rai, don ba ni da zuciyar roƙon wani abu daban, amma ina roƙon ina jin haushi, kuma Allah ya san da haushin na roƙa.

Ta tashi. Aka dawo da ita gida tana cin ƙosai a bayan moto.

Tun a makon mata suka fara aiko yara karɓar yadinsu ba a yanka ba. Wannan ta ce ta fasa ɗinkin, waccan ta ce za ta kai Maradi. Babbar ɗiyata ta dawo daga lakwal ta ce an bar mata benci ita kaɗai. Inna ta aika da fura gidan suna, aka dawo da ƙwaryar yadda ta tafi. Mijina, Allah ya ba shi lada, bai goranta mini ba, amma ya daina zama majalisar ƙofar masallaci. Shagon Yaya kuwa ko ƙuda. Har samarin tsakar rana suka ɗauke ƙafa, wani mushe da ya san komai sarai ya aiko a ce mata ta goge lambarsa. Kafin a yanke gero ta sauke allon.

Yanzu tana Yamai. Ta sami abokan aiki, ta sayi na'urar da take mafarki, tana da ma'aikata, har a talabijin na gan ta tana bayani da faransanci. Ta yi ta roƙon mu koma can, Inna ta ce ita ba ta barin ɗakin da Baba ya bar ta. Ni ma ina nan. Ɗinki ya ɗan dawo, yawanci na baƙi da matan ma'aikata da ake kawowa daga wasu garuruwa. Muna waya da Yaya, muna dariya, ina tsokanar ta da Madam mai kwalba. Amma ban taɓa ce mata ta yi daidai ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ta ba. Wani lokaci in na ga yarinyar ta wuce da jakar lakwal, ta yi tsawo, sai in ji sanyi a raina. In na juyo na ga nawa 'ya'yan suna wasa su biyu a tsakar gida ba mai shigo musu, sai haushin ya dawo sabo.

A wancan lokaci, ana gobe Yaya za ta koma Yamai, da hantsi, muna ɗaure kaya, aka yi sallama a ƙofar gida. Ƙawata ce, uwar yarinyar. Tun ranar tsallaka ba ta leƙo ta katanga ba. Na ji wani daɗi ya taso mini, na ce a raina to, ga wadda ta san gaskiya ta zo, ita da aka zaunar aka yi wa bayani a gabana. Na ce ta shigo mana. Ta ce a'a, nan ma ya isa, sauri take.

Tana ɗauke da ƙwaryar gero da 'yan ƙwai a sama. Yarinyar tana bayanta, ta riƙe mata wuyan hannu gam. Da Yaya ta fito, yarinyar ta washe baki za ta nufo ta, uwar ta fizge ta ta maida bayanta. Ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, a bakin ƙofa, ba ta miƙa a hannu ba.

Ta ce, "Madam, na zo godiya. Na gode da kinka sakar mani ita. Allah ya sa ki ci gaba da jin tausayinmu."

Na leƙa bayanta in ga ko surukarta na tsaye tana saurare, ko don kunnen wani take faɗa. Lungun ba kowa. Na dubi idonta, hawaye ne a ciki, kuma har zuciyarta take nufi.

Na buɗe baki, Yaya ta dafa mini kafaɗa.

Ta ce, "Tana shan maganin da likita ya ba ta?"

"Tana sha."

"Ki riƙa rufe ta in an yi ruwa. In idon ya sake yin fari, kada ki jira kowa."

"To, Madam."

Ta ja ɗiyarta suka tafi, yarinyar tana waiwaye. Yaya ta koma ciki ta ci gaba da ɗaure kaya. Ni na tsaya a ƙofa ina kallon ƙwaryar, har Inna ta yi magana daga ɗaki ta ce in shigo da ita kada kaji su ɓarar. Na sunkuya na ɗauka na shigo da ita.